KWALBAR ƘARFI: KO TA CI KUƊINKA, KO TA CI HANTARKA

Wannan ita ce laccar da aka yi wa jama'a a Tsibiri ta ƙasar Maradun, inda 'yan kasuwa da samari daga Talata Mafara da Bakura suka hallara. Mun buga ta duka domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Maganar da na zo da ita yau ta kwalba ce, watau kwalaben nan da robobi da ake tallarsu da hoton ƙato mai faɗin ƙirji, ana ce wa samarinmu in sun sha za su yi ƙwanji su murɗe cikin wata guda. Masu tallar suna cewa abin yana aiki kamar sitiroyid, amma shi na itatuwa ne, ba shi da illa, doka kuma ba ta hana shi ba. Da ana ganin tallar a birni kaɗai, yanzu kuwa ta shigo wayar kowane yaro ta Facebook da TikTok da WhatsApp, kayan kuma suna biyo motocin da ke zuwa kasuwa.

To, jama'a, ku riƙe wannan magana ko da kun manta da sauran. Irin wannan kwalba ɗayan biyu ce. In babu sitiroyid a cikinta, ba za ta yi aikin sitiroyid ba, an ci kuɗinka ke nan. In kuwa ka ga tana aikin sitiroyid, to ka zargi sitiroyid ne aka ɓoye a ciki, hantarka ake ci ke nan. Ko ta ina aka bi, talaka ne a ƙasa.

MENE NE SITIROYID?

Allah ya halicci jikin namiji da wani sinadari da maraina ke yi, likitoci suna kiransa testostiron. Shi ke sa murya ta buɗe, gemu ya fito, tsoka ta ƙaru. A shekarar 1935 masana a Turai suka gano yadda za su haɗa shi da hannunsu, daga nan aka yi ta ƙago 'yan'uwansa, waɗanda su ake kira sitiroyid mai gina tsoka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne Dianabol, wanda kamfanin Ciba ya fitar a 1958. Likita yana ba da irinsu ga wanda wata doguwar cuta ta rame shi, ko wanda jikinsa ba ya yin nasa, bisa awo da lura.

Amma 'yan wasa suka karɓe shi suka mai da shi hanyar magudi. Wasu cikinku sun ji labarin Ben Johnson na ƙasar Kanada, wanda ya ci tseren mita 100 a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988, da aka auna fitsarinsa aka sami sitiroyid, aka ƙwace lambar zinariyar aka kore shi da kunya. Gaskiya ne sitiroyid yana ƙara tsoka. Sai dai ku ji farashinsa. Yana ɓata hanta har ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Yana ta da hawan jini, ya toshe jijiyoyi, ya kumbura zuciya, saurayi ɗan shekara 30 ya faɗi kamar tsoho. Da jiki ya ga ana ba shi na waje sai ya daina yin nasa, maraina su tsuke, haihuwa ta yi wuya, nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika baya, mutum ya zama mai saurin fushi. Yaron da bai gama girma ba kuwa yana iya tsayawa inda yake, domin maganin yana rufe ƙashi tun lokaci bai yi ba.

Saboda haka a 1990 Amurka ta sa sitiroyid cikin magungunan da laifi ne a sayar ba da takardar likita ba. Nan fa masu cin riba suka zauna suka yi shawara. Ga dubban samari suna son abin, ga doka ta hana. Sai suka ƙago sabuwar haja, suka sa mata suna madadin sitiroyid.

YADDA DABARAR TAKE

A 1994 Majalisar Amurka ta yi wata doka a kan abin da suke kira ƙarin abinci, watau ƙwayoyi da garin da ba a lissafa su cikin magani ba. Bisa ga wannan doka, mai yin irin wannan kaya ba ya bukatar hukumar abinci da magani ta ƙasar, FDA, ta gwada ta yarda kafin ya kai kasuwa. Magani na sosai sai an gwada shi shekara da shekaru. Wannan kuwa sai ya cuci mutane tukuna hukuma ta biyo sawu. Abin da aka ɗora wa mai kaya shi ne, in ya yi alkawari a jikin kwalba, ya rubuta cewa hukuma ba ta tabbatar da maganarsa ba. Yana rubutawa, amma da ƙananan baƙaƙe a gindin kwalba, cikin Turancin da ko ɗan makaranta sai ya matse ido. Saboda haka in mai talla ya ce muku kayansa daga Amurka suke, ku sani wannan ba shaida ba ce ta komai.

Sa'an nan ga dabarar suna. Sukan ɗauki sunan sitiroyid na gaske su yanke masa kai ko wutsiya, su sāke harafi ɗaya ko biyu, domin mai saye ya zaci ɗan'uwansa ne. Ku 'yan kasuwa kun san wannan sarai, domin haka ake yi da batir da takalmi da atamfa. Ga kuma dabarar hoto: a nuna mutum jiya ramamme yau ƙato. Hoton farko ya saki tumbi cikin duhu, na biyu ya ɗaga ƙarfe jini ya cika damtse, ya shafa mai, ya tsuke ciki, an haska shi da fitila. Ƙaton da ke jikin kwalbar kuma haya aka ɗauko shi, ya yi shekaru yana ɗaga ƙarfe, kuma babu mai ba ku tabbacin abin da shi yake sha a ɗakinsa. Dabara ta uku ita ce haɗin sirri: a jera sunayen itatuwa goma, a ƙi faɗin nawa aka zuba na kowanne.

To mene ne a ciki? Ku saurara, abin dariya ne da ban haushi. Babban ganyen da suke taƙama da shi, wanda suke rubuta sunansa da Latin Tribulus terrestris, ba kome ba ne illa tsidau. Na'am, tsidau ɗin nan da ke soke mu a ƙafa a hanyar gona, wanda muke zagi muna cirewa. Wani kuma hulba ce, wadda matanmu ke saye a wurin mai kayan yaji. An niƙa, an ɗura a kafso, an manna hoto, an sa kuɗin da ya fi na tiyar wake da yawa. Kuma an gwada tsidau ɗin. A ƙasar Ostareliya, cikin wani bincike da aka buga a 2007, an ɗauki 'yan wasan ƙwallon zari-ruga 22, aka ba wasu tsidau, aka ba wasu kafson da babu kome a ciki, har mako 5 suna motsa jiki tare. Da aka auna, masu shan tsidau ba su fi sauran ƙarfi ko tsoka ba. Duka sun ƙaru, domin duka sun yi aiki. Wannan ita ce kwalbar da ke cin kuɗi.

WADDA KE CIN HANTA

Mai kaya ya san in kwalba ba ta yi kome ba, ba za a dawo saye ba. Saboda haka marasa tsoron Allah daga cikinsu sai su zuba sitiroyid na gaske a ɓoye, su bar sunan ganye a waje. Wannan magana an auna ta an gani. Tsakanin 2000 da 2001 wani ɗakin awo a birnin Kolon na Jamus, da taimakon hukumar wasannin Olamfik, ya sayo irin wannan kaya guda 634 daga ƙasashe 13. A cikin 94 an sami sitiroyid da ba a rubuta a jikin kwalba ba, watau wajen ɗaya cikin bakwai. A watan Yuli na 2009 hukumar FDA ta yi shela ga jama'ar Amurka su daina shan kayan gina jiki da ake tallarsu da cewa suna kama da sitiroyid, saboda rahotannin lalacewar hanta da ƙoda da shanyewar jiki. A 2012 wani babban kamfanin wannan ciniki a jihar Idaho ya amsa laifinsa a gaban kotu, aka ci shi tarar dala miliyan 7. Majalisar ƙasar ta ƙara tsananta doka a 2004, ta sāke a 2014, domin duk sa'ad da aka hana sinadari ɗaya sai su ɗan juya shi su fito da wani.

Da ƙofar ta ƙuntata sai suka koma ga wasu sababbin sinadarai da ake kira SARM, waɗanda ake cikin gwajinsu, hukumar FDA ba ta yarda a ba mutane ba. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon awon kwalabe 44 da aka sayo da wannan suna. Guda 23 kaɗai ke ɗauke da irin abin da aka ce, 17 wani magani ne dabam da ba a yarda da shi ba, 4 kuwa babu magani a cikinsu ko kaɗan. Waɗanda awon da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ciki 18 ne tak. To, jama'a, in haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan awo da ma'aikata dubbai, ina ga kwalbar da ta biyo ta hannu bakwai, ta sha rana a bayan mota, kafin ta iso Mafara ran Talata?

Mu mutanen Zamfara ba sai an koya mana sharrin gubar da ido ba ya gani ba. A 2010 dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, alhali ƙurar da ta kashe su ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Hanta ma haka take, ba ta kuka da wuri. Sa'ad da ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ya kama ƙaiƙayi, ɓarna ta riga ta yi nisa.

NAMU NA GIDA: SHA KA FASHE

Kada wani ya ce wannan maganar masu kuɗi ce da 'yan birni. Talaka ma an yanka masa nasa daidai aljihunsa. Kun san ƙananan ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda, babu suna babu takarda, da ruwan magani da ake cewa na ganye ne mai sa ƙiba da ƙarfi, wanda jama'a suka raɗa wa suna sha ka fashe. Abin da aka fi amfani da shi a irin wannan haɗi shi ne deksametason, wanda 'yan kemis ke kira deksa, tare da wani maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci. Deksa shi ma sitiroyid ne, amma na wani gida dabam. Likita yana ba da shi don asma da kumburi da wasu cututtuka masu tsanani, kuma yana ceton rai in an bi ƙa'ida. Sai dai shi ba ya gina tsoka, cinye ta yake yi. Yana tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, kumatu su cika, mutane su ce wane ya samu lafiya, alhali hannu da cinya suna sirancewa. Kumburi ne ake sayar muku da sunan ƙiba. Bayansa kuma ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga gyambon ciki, ƙashi ya yi rauni, ido ya yi yana, jiki ya kāsa yaƙi da ƙananan cututtuka.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Wanda ya daɗe yana shan deksa kada ya yar da shi dare ɗaya, domin jikinsa ya riga ya daina yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya tana iya kayar da shi har ta kai ga rai. Ya ɗauki ledar ko kwalbar ya tafi babban asibitin Maradun ko na Talata Mafara, ya gaya wa likita gaskiya, a rage masa sannu sannu. In abin ya yi tsanani akwai asibitin tarayya a Gusau da asibitin koyarwa a Sakkwato. Babu kunya tsakanin majinyaci da likita.

MAGANAR LAMBAR NAFDAC

Mai talla zai ɗaga kwalba ya ce ga lambar NAFDAC. To ku fahimci wannan. An kafa NAFDAC a 1993, kuma zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, kowa ya ga yadda aka ƙone jabun magunguna a fili. Amma lambar da hukumar ke fara bai wa maganin gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba samfurin da mai kaya ya kai ba a ga guba ba. Ba ta nufin an tabbatar yana yin aikin da aka ce, shi ya sa ake wajabta rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance alkawarin da ke jiki ba. Kuma wanda ya iya buga hoton ƙato ya iya buga lamba. Samfurin da aka kai ofis dabam, abin da aka ɗura daga baya dabam, sai mai tsoron Allah.

Ku sani kuma akwai dokar 1999 a kan jabun magunguna, wadda ta hana tallar magani a kasuwa da tasha da bakin hanya da cikin mota, da hukuncin tara da ɗauri. A Kano an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 domin a san abin da ke shiga da fita. To mu a nan muna tambayar Gwamnati: sau nawa mai duba magani ya taka kasuwannin ƙauyukanmu? Mai karɓar kuɗin rumfa bai taɓa ɓata hanya ba, ko ana ruwa ko ana iska. In ana iya aiko mai rasit kowane mako, ana iya aiko mai duba kwalba ko da sau ɗaya a wata. Muna roƙon hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomin Maradun da Mafara da Bakura, da NAFDAC, da hukumar masu haɗa magunguna, su sayi kayan nan a kasuwa su auna, su faɗi sakamako a rediyo da Hausa, su bi babban dillali kafin su kama yaron da ke yawo da kwali a ka. Ran talaka ba shi da arha fiye da na mai zuwa asibitin Turai.

ZUWA GA 'YAN KASUWA

'Yan'uwana masu kemis da masu tebur da masu lasifika, ba mu zo don mu tozarta ku ba. Mun san halin da ake ciki, mun san rashin zaman lafiya ya hana noma da fatauci, kowa yana neman abin sa wa a baka. Yawancinku ma ba ku san abin da ke cikin kwalbar ba, yadda aka gaya muku haka kuka faɗa. Amma wanda ya ƙera ta yana can nesa ba a san fuskarsa ba, ku kuwa da ku ake sallah, da ku ake jana'iza. Ran da ɗan maƙwabcinka ya kwanta da hanta, ba za a nemi kamfanin Amurka ko na Indiya ba, ƙofarka za a nuna. Addininmu ya hana algus da ɓoye aibin haja, kuma ciniki amana ne. Saboda haka kayan da babu sunan mai yi da adireshinsa, kayan da ba a faɗi abin da ke ciki da awonsa ba, kayan da aka ce yana aiki kamar sitiroyid, ku mayar wa dillali. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinku su zauna su yanke wannan shawara tare, domin in rumfa ɗaya ta ƙi, ta kusa da ita ta karɓa, ba a yi kome ba.

ZUWA GA SAMARI

Ku kuma samari, son ƙarfi ba laifi ba ne. Ƙasar nan ta 'yan dambe ce da 'yan kokawa, kuma Shago da Ɗan Anace ya wasa bai san wata kwalba ba. Abin da ke gina tsoka uku ne: aiki mai nauyi da ake ƙara masa kaɗan kaɗan, abinci mai gina jiki, da isasshen barci. Masana sun ce mai ɗaga ƙarfe yana bukatar wajen giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, watau mai kilo 60 yana neman kusan giram 100. Giram 100 na busasshen wake yana da fiye da 20, gyaɗa wajen 25, waken suya fiye da 30, ƙwai guda wajen 6. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga nonon Fulani, ga kifin dam ɗin Bakolori a ƙofar gidanmu. Garin furotin ɗin nan ma da ake sayarwa a manyan robobi, asalinsa ruwan da ke saura ne in an yi cuku, aka busar. In na gaske ne abinci ne kawai, bai fi abin da ke cikin ƙwaryar nono daraja ba. Kuɗin kwalba guda, in ka kai wa mai wake da mai ƙwai, sai ka ci makonni.

Kuma ku yi haƙuri da jikinku. Gero ma sai ya yi watanninsa kafin a kai shi rumbu, wanda ya ce zai nuna maka shi cikin mako biyu ɓarawo ne. Mai gaggawa shi ne kasuwar mayaudari, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙirjin da za ka nuna shekara biyu, ka biya shi da haihuwarka da hantarka, wannan ciniki faɗuwa ce.

Jama'a, abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowa ya koma gida ya duba ɗakin ɗansa da ƙanensa. In ya ga kwalba ko ƙulli, kada ya yi duka, ya tambaya da lalama tun yaushe ake sha, a kai wa likita. Malamai su faɗa a masallaci, iyaye mata su faɗa a gidan biki, domin 'yan mata ma ana ɗura musu sha ka fashe gab da aure. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Allah ya tsare mana lafiyarmu da 'ya'yanmu, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ba talaka sawaba.